Babban Abokin Ango a Gaban Bindiga

Mai karatu, in ka taɓa kwana a Wudil ka yi sammako ka bi hanyar Maiduguri, mai yiwuwa ka hango su: ɗaliban Makarantar Horar da Hafsoshin 'Yan Sanda, samarin an yi musu aski ƙwal-kwabo, riguna sun jiƙe sharkaf da gumi, ƙafafu suna dukan ƙasa lokaci guda kamar na mutum ɗaya. Shekara biyar suke yi tare. Tukunya ɗaya, fareti ɗaya, in kuma ɗayansu ya yi laifi kowa sai ya yi tsallen kwaɗo. Bayan sun fita, magana ɗaya ce ke buɗe musu ƙofar juna har tsufa: ɗan kwas ɗinmu ne. Ni kuwa duk ranar da na gan su sai jikina ya yi sanyi, domin nakan tuna wanda ya buɗe makarantar nan, in tuna abin da ya faru tsakanin nasa 'yan kwas ɗin.

Janar Sani Abacha ne ya buɗe ta a mazauninta na Wudil a shekarar 1996, yana shugaban ƙasa. Shi ma ya taɓa zama yaro mai aski ƙwal-kwabo. A 1962 ya bar Kano ya shiga Kwalejin Horar da Sojoji ta Kaduna, wadda bayan shekara biyu aka mayar da ita makarantar hafsoshi da muka sani yau da NDA. A wannan shekarar ta 1962 wasu samari suka iso kwalejin daga makarantar sakandaren Bida. Biyu daga cikinsu kuwa, in ka ga ɗaya to waiwaya, ɗayan na nan kusa. Ɗaya sunansa Ibrahim Badamasi Babangida. Ɗayan Mamman Jiya Vatsa. Riƙe sunayen nan da kyau.

Tun 1957 suke aji ɗaya a Bida. Kuma wane irin aji ne wannan! A cikinsa akwai Abdulsalami Abubakar, da Sani Bello wanda ya zo ya yi gwamnan Kano daga 1975 zuwa 1978, da Garba Duba, da Gado Nasko, da Muhammadu Magoro, da Sani Sami. Lokacin manyan Arewa sun dage sai yaransu sun shiga soja, ga shi an kafa doka cewa rabin hafsoshin da za a riƙa ɗauka daga Arewa za su fito. Ranar 10 ga Disamba 1962 Babangida da Vatsa suka sa kaki. Daga Kaduna aka tura Abacha Ingila, makarantar Mons da ke Aldershot, su biyun nan kuwa aka tura su Indiya. Wa zai kalli yara biyu da suka raba benci a Bida, suka raba bariki a Kaduna, suka ci abincin baƙunta a Indiya, ya ce wata rana takardar mutuwar ɗaya za ta biyo ta teburin ɗayan?

Yaƙin basasa ya same su suna ƙananan hafsoshi, kowa da bataliyarsa a ƙarƙashin Runduna ta Ɗaya. A 1969, da aka tunkari Umuahia, dukansu biyu suna wannan fagen. A wajejen Uzuakoli harsashi ya sami Babangida a ƙirji, aka ɗauke shi daga bakin daga. Umuahia ta faɗi ranar 22 ga Afrilu. Da ya warke, a watan Satumbar shekarar, ya auri Maryam. Ka san wa ya tsaya masa a matsayin babban abokin ango? Mamman Vatsa.

Kai ma ka san matsayin babban aboki a wurinmu. Shi ke shiga ya fita, shi ke sayen baki, shi ake kira da tsakar dare ranar da aka yi saɓani a gida. Ba kowa ake ba wannan kujera ba.

Amma Vatsa soja ne na daban. Bindiga a kafaɗa, alƙalami a aljihu. Yana rubuta waƙoƙi da Turanci da kuma Turancin kasuwa, yana rubuta wa yara littattafai, yana tattara waƙoƙin da sojoji suka rubuta a buga. A bariki, inda aka fi daraja mai tsawa, shi ya zaɓi zama da marubuta. Kada kuma ka ɗauka hakan ya sa ya yi laushi a aiki. Ranar 13 ga Fabrairu 1976, da Laftanar Kanar Buka Suka Dimka ya kashe Janar Murtala Muhammed a Legas, gari ya yi tsit, manya da yawa suna jiran su ga inda iska za ta kaɗa. Vatsa yana kwamandan birged a Kalaba. Bai jira ba. Ya shiga gidan rediyo ya ce shi da dakarunsa ba sa tare da Dimka. A can Legas kuwa Janar Danjuma ya tura Babangida ya fatattaki Dimka daga gidan rediyon Ikoyi. Abokai biyu, garuruwa biyu, matsayi ɗaya. Da aka zo binciken waɗanda suka yi yunƙurin, Vatsa ne sakataren kotun. Ya ga yadda ake rubuta sunan mutum da safe, a ɗaure shi a turke da yamma. Ya san hanyar nan ciki da bai, shekara goma kafin a bi da shi ta cikinta.

Sai shekaru suka yi ta gudu. Ranar 31 ga Disamba 1983 muryar Abacha ce ta sanar da kifar da gwamnatin Shehu Shagari. Buhari ya hau, Babangida ya zama hafsan hafsoshin sojan ƙasa, Vatsa ya zama ministan Abuja, lokacin birnin duk ƙura ce da duwatsu da motocin gini. Ranar 27 ga Agusta 1985, ana cikin hidimar Babbar Sallah, Babangida ya ture Buhari. Vatsa ba ya ƙasar, yana aikin Hajji tare da Janar Tunde Idiagbon. Da ya dawo, abokinsa ya bar masa kujerarsa ta minista, ya kuma ba shi wuri a majalisar mulkin soja. Abacha ya zama hafsan hafsoshin sojan ƙasa. Yaran da suka sha tsallen kwaɗo a Kaduna, ga Najeriya gaba ɗaya a tafin hannunsu. A wannan shekarar ne Vatsa ya karɓi baƙuncin Ƙungiyar Marubuta ta Najeriya a Abuja, ya yanka musu fili mai faɗi a Mpape su gina ƙauyen marubuta. Wata huɗu kacal aka yi ana wannan zaman daɗi.

A Disamban 1985 ministan tsaro, Janar Domkat Bali, ya sanar cewa an bankaɗo shirin juyin mulki. Aka yi ta kame, da yawa daga cikin waɗanda aka kama sojojin sama ne na sansanin Makurɗi. Ba a jima ba aka ji sunan da ya girgiza kowa: Manjo Janar Mamman Vatsa. Me ya yi? Babban abin da aka riƙe a kansa shi ne ya ba Laftanar Kanar Musa Bitiyong naira 10,000. Masu tuhuma suka ce kuɗin shirya juyin mulki ne. Vatsa ya ce rance ne na noma, ƙaramin hafsa ya zo da buƙata ya taimaka masa.

Tsaya nan, mai karatu. Kai da ka san Kara ta Wudil ranar Juma'a, sau nawa ka ga mutum ya zaro kuɗi daga aljihun 'yar ciki ya miƙa wa wani a gindin mota, babu takarda babu shaida, ya ce je ka sayi taki, in kaka ta yi ka biya? To a ce ran mutum ya rataya a kan fassarar irin wannan kuɗi. Wannan ya ce na gona ne, wancan ya ce na bindiga ne, kuɗin kuwa ba su da bakin da za su faɗi gaskiya. Da kai ne alƙali, da wace hujja za ka raba gardama?

Kotun soja ce ta yi shari'ar, a ƙarƙashin Manjo Janar Charles Ndiomu. Cikin waɗanda aka gurfanar akwai wani da labarinsa ke hana ni barci fiye da na Vatsa ma, Manjo Daniel Bamidele. A 1983 wannan bawan Allah ya ji ƙishin-ƙishin ana shirya wa Shagari juyin mulki. Ya yi abin da dokar soja ta ce, ya kai rahoto sama, kwamandan rundunarsa kuwa a lokacin Buhari ne. Sakayyarsa ita ce aka kai shi Legas aka tsare. Bayan an sake shi ba da daɗewa ba aka yi juyin mulkin, ya ga wanda aka naɗa shugaban ƙasa. A 1985 ya sake jin irin wannan maganar a bakin wasu hafsoshi. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Ya ja bakinsa ya yi shiru. Laifin da aka same shi da shi ke nan, ya ji bai faɗa ba. Ya faɗa an kulle shi, ya yi shiru an yanke masa kisa. Gaba kura baya sayaki. Don Allah, mai karatu, da kai ne Bamidele, wanne za ka ɗauka?

Aka yanke hukunci. Saura amincewar majalisar mulkin soja, wadda Babangida ke shugabanta, Abacha kuma na zaune a ciki. Ƙasa ta ɗauki roƙo. Nan ne wasu mutum uku suka yi abin da ya kamata a riƙa tunawa da shi. Chinua Achebe da Wole Soyinka da J. P. Clark, manyan marubutan ƙasar nan, suka ɗunguma zuwa Barikin Dodan. Ba su da bindiga, ba su da muƙami, sunansu kawai suka ɗauka suka je da shi. A zamanin da mutane ke gudun a ce sun san wanda ake tuhuma, su suka je har gaban mai mulki suka ce a bar mutanen nan da ransu. Babangida ya karɓe su hannu bibbiyu, ya ba su fatan zai yi iya ƙoƙarinsa a majalisa. Suka fito da sanyin zuciya, 'yan jarida suka ɗauki hotonsu. Ashe ƙofar da suka ga kamar ta buɗe, iska ce kawai ta motsa ta.

Ranar 5 ga Maris 1986, da dare, Domkat Bali ya bayyana ya yi wa ƙasa jawabi. Bai ce za a kashe su ba. Cewa ya yi an riga an kashe su. Mutum goma aka ɗaure a gidan yarin Kirikiri aka buɗe musu wuta: Vatsa, da Bitiyong, da Bamidele, da Laftanar Kanar Christian Oche, da Laftanar Kanar Michael Iyorshe, da Kwamanda Andrew Ogwiji na sojan ruwa, da hafsoshin sama huɗu, Ben Ekele da Adamu Sakaba da Martin Luther da Asen Ahura. An ruwaito cewa kafin a ɗaure Vatsa sai da ya kwance agogonsa, ya zare zoben aurensa, ya roƙi a kai wa matarsa Safiya. Ka dubi wannan hannun da kyau. Hannun da ya riƙe bindiga a Umuahia, ya riƙe alƙalami ya rubuta wa yara labari, ya gaisa da baƙi ranar auren abokinsa, shi ne yanzu yake kwance agogo domin mai shi ya gama da lokaci. Shekararsa 45.

Yanzu bari in juya maka tambayar ta ɗaya gefen, domin adalci ya ce a ji ta bakin kowa. Da kai ne Babangida fa? Wata huɗu da hawanka, ka san yadda ka hau, ka san wanda ya hau ta taga ba ya barci da taga a buɗe. Jami'an tsaro sun ajiye maka takardu sun ce amininka na ciki. In ka yafe masa ka kashe sauran, bariki zai ce ran ɗan ajinka ya fi na 'ya'yan wasu. In ka yafe wa kowa, gobe wani ya ce ashe juyin mulki ba shi da tsada. A littafin tarihin rayuwarsa da ya ƙaddamar a Abuja a Fabrairun 2025, Babangida ya ce da farko ya ɗauki maganar a matsayin aikin masu son raba su, cewa Vatsa ya musanta, amma bincike ya gamsar da shi, kuma kowane soja ya san hukuncin juyin mulkin da bai yi nasara ba. Ya ce zaɓi ne tsakanin ran aboki da zaman lafiyar ƙasa, kuma rashin ya yi masa ciwo. Na yarda ya yi masa ciwo. Amma akwai wani mai shaida da ba a iya turewa.

Shi ne Domkat Bali da kansa, mutumin da ya karanta sanarwar. Shekara ashirin bayan haka, a wata hira da 'yan jarida a 2006, ya ce har lokacin bai tabbata ya kamata a kashe Vatsa ba, domin hujjar da aka tara a kansa ba ta da ƙarfi. Ministan tsaro ke nan, wanda ya ga takardun da ni da kai ba mu gani ba. To in shi zuciyarsa ba ta kwanta ba, saurin me ake yi? Kurkuku ta cika ne? A nan nake tsayawa, kuma ba na ɓoye ra'ayina: ko da a ce Vatsa ya ji wani abu, ko ya yi gunaguni, ko ya yi sakaci da bakinsa a gaban ƙananan hafsoshi, kamata ya yi a tsare shi a bar wa lokaci ya tace gaskiya. Ɗaurarre ana iya buɗe masa ƙofa a ba shi haƙuri. Wanda aka bindige fa, wace ƙofa za a buɗe masa?

Kada ka ce ai soja ba ya yin irin wannan sassauci, domin a cikin ajin nan na Bida aka sami wanda ya yi. Abacha ya karɓi mulki ranar 17 ga Nuwamba 1993. A zamaninsa aka ɗaure Obasanjo da Shehu Musa 'Yar'aduwa bisa zargin juyin mulki, 'Yar'aduwa ya rasu a gidan yarin Abakaliki ranar 8 ga Disamba 1997. A watan nan kuma aka kama mataimakin Abacha, Laftanar Janar Oladipo Diya, kotun soja ta yanke masa kisa a Afrilun 1998. Ana jiran a sa hannu, sai ranar 8 ga Yuni Abacha ya rasu a fadar gwamnati, aka kawo shi Kano aka yi masa sutura a ranar, yana da shekara 54. Wa ya gaje shi? Abdulsalami Abubakar, yaron nan na ajin Bida. Ga takardar kisa a gabansa, ga doka ta ba shi dama. Bai sa hannu ba. Ya sassauta hukuncin, daga baya ya saki Diya da mutanensa. Obasanjo ya fito daga kurkuku, kafin shekara ta zagayo ya zama shugaban ƙasa. Diya ya koma gidansa ya rayu har 2023. Ƙasa ba ta rushe ba. Shin da a ce Vatsa ya sami irin wannan jinkirin, ko na shekara biyu ne, littattafai nawa da yaranmu suka karanta da sunansa a bango?

Sauran 'yan ajin kuwa, mutuwa tana ta ɗaukarsu ɗaya bayan ɗaya, amma a kan gado, iyalai na kewaye da su. Garba Duba, wanda ya yi gwamnan Bauchi da na Sakkwato, ya rasu a 2024. Sani Sami, wanda shi ma ya yi gwamnan Bauchi kafin ya zama Sarkin Zuru, ya rasu a Agustan 2025. An yi musu salla, manya sun zo gaisuwa, jikoki sun san kakanninsu. Allah Ya jiƙansu gaba ɗaya, Ya jiƙan Mamman Vatsa da waɗanda aka tsayar tare da shi a Kirikiri.

Shi ya sa, ranar faretin yaye ɗalibai a Wudil, idan iyaye suka cika fili, guɗa na tashi, samari suna rungume juna suna musayar lambar waya, ni idona yakan tsaya a kan biyun da suka fi shaƙuwa. Nan da shekara ashirin da biyar ɗayansu zai zama babba, wata rana kuma za a ajiye masa fayil a tebur, ya buɗe ya ga sunan wanda suka sha gari a kofi ɗaya. Mai yiwuwa ɗanka ne zai buɗe fayil ɗin, mai karatu. Mai yiwuwa kuma sunan ɗanka ne a ciki. Me za ka so wancan ya yi?

Filin nan na Mpape yana nan. Marubuta sun gina shi bayan doguwar shari'a da masu son ƙwacewa, suka raɗa masa suna Ƙauyen Marubuta na Mamman Vatsa. A watan Oktoban 2025 kuma, Shugaba Bola Tinubu ya yi wa Vatsa afuwa, bayan an kai maganar gaban Majalisar Ƙoli ta Ƙasa, majalisar da tsarin mulki ya ba kowane tsohon shugaban ƙasa kujera a cikinta, har da Babangida da Abdulsalami. Afuwar ta iso shekara 39 da wata bakwai bayan daren Kirikiri.